Ƙarfe Ma Yana Gajiya: Tarihin Tsagar da Ido Ba Ya Gani

Waɗanda data ba ta bari sun saurari shirin ba, ga shi nan a rubuce kamar yadda muka saba.

Yau maganar ƙarfe za mu yi. Na san wani zai ce, duk matsalolin da suka dabaibaye mu a Zakka da Safana da Batsari, ƙarfe ne ya rage mana? Ku ɗan ara mini kunnuwanku. Tambaya ɗaya ce ta kawo ni. Me ya sa ƙarfen da ya ɗauki kaya shekara 10, ko 20, ko 40, bai ce uffan ba, sai rana ɗaya, babu iska babu ruwa, ba wanda ya ƙara masa ko tsinke, ya karye kamar busasshen kara? In irin wannan ya faru a wajenmu, amsa biyu muke bayarwa. Ko mu ce ƙaddara ce, ko mu ce ɗan kwangila ya ci kuɗi. Ƙaddara gaskiya ce, cin kuɗin ma yakan zama gaskiya. Amma akwai amsa ta uku, wadda duniya ta kwashe sama da shekara 150 tana koyo, kuma da gawarwaki ta biya kuɗin makarantar. Wannan tarihin nake so mu bi yau, domin yanzu ƙarfe yana saman kawunanmu a kowane ƙauye.

Bari mu fara daga gida. Mu ba baƙin ƙarfe ba ne. A Taruga, kusa da Abuja ta yanzu, masu binciken tarihi sun tono murhunan narka tama da aka yi amfani da su ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Tarihin baka na Kano ma cewa ya yi wani maƙeri daga Gaya ne ya zo neman tama, ya zauna a gindin Dala. Kakanninmu sun san yadda ake haƙo tama, a haɗa ta da gawayi, a yi ta zuga har ƙarfe ya fito, a kai shi maƙera ya zama fartanya da gatari da lauje.

Kuma maƙeri ya san wani abu da nake so ku riƙe, domin shi ne ginshiƙin shirin yau. Je ka zauna wajen mai ƙera adda da tsohon sifirin mota. Zai gasa ƙarfen ya yi ja, ya tsoma shi a ruwa don ya yi tauri. In taurin ya yi yawa, addar za ta yi kaifi, amma ranar da ta haɗu da kututture bakinta zai ɓantare. In taurin bai kai ba, ba za ta ɓantare ba, sai dai ta lanƙwashe. Wato akwai tauri, akwai danƙo, akwai kuma gautsi. Ƙarfe zai iya yin tauri sosai amma yana da gautsi kamar gilashi. Gwanintar maƙeri ita ce ya samo tsakiya.

Injiniyoyi suna da ma'auni na musamman da ke kusa da abin da muke kira danƙo. Ni zan kira shi juriyar tsaga. Ma'anarsa: in akwai 'yar tsaga a jikin ƙarfe, yaya girmanta zai kai kafin ta ruga ta raba shi biyu? Ga misali. Kama sabon yadi ka ja da hannu biyu, ba zai yage ba. Amma dubi mai sayar da yadi a Kantin Kwari, ɗan tsaga bakin kawai yake yi da almakashi, ya ja, sai ka ji kyarrr har ƙarshe. Yanzu yi wa jemammiyar fata irin wannan tsagar ka ja. Ba za ta tafi ba. Fata tana da juriyar tsaga, yadi ba shi da ita. To haka ƙarafa suke, kuma abin da ke da ban tsoro shi ne ƙarfe guda zai iya fara rayuwarsa kamar fata ya ƙare kamar yadi.

To me ya sa wannan bai dami kakanninmu ba? Saboda ƙarfensu na hannu ne. Fartanya in an tashi daga gona jingine ta ake yi ta huta. In ta karye, a mayar wa maƙeri, ba wanda ya mutu. Abin ya sauya ne da zuwan jirgin ƙasa. An fara shimfiɗa layin dogo daga Baro a 1907, ya iso Kano a 1911. Gadar Jebba a kan Neja ta fara aiki a 1916. Layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Kaura Namoda a 1929, gadar Makurdi kuma a 1932. Daga nan ƙasarmu ta fara ganin ƙarfen da ke ɗauke da kaya dare da rana, ba ranar hutu. Daga nan ne kuma narka tama ya fara mutuwa, domin tsofaffin ƙarafan jirgi da na mota sun fi sauƙin samu.

Sai kuma zamanin rodi. A 1982, lokacin mulkin Shehu Shagari, tun Katsina tana cikin jihar Kaduna, aka buɗe kamfanin mulmula ƙarfe na Katsina, wanda kamfanin Kobe Steel na Japan ya gina. Uku aka yi irinsa, sauran biyun a Jos da Osogbo. An tsara kowanne ya riƙa fitar da tan 210,000 na rodi da waya a shekara, ana kawo musu dunƙulen ƙarfe daga Aladja kusa da Warri. Daga baya gwamnati ta sayar da na Katsina ga kamfanin Dana. Ku duba fa, cikin ƙasa da shekara 100 mun tashi daga ƙarfen da muke riƙewa a hannu zuwa ƙarfen da ke riƙe da mu: decking, kwalbati, gada, turakun wuta, ƙafafun tankin ruwa. Ƙarfen ya zo, amma al'adar duba lafiyarsa ba ta biyo shi ba.

Su waɗanda suka kawo shi, ta yaya suka koyi wannan al'adar? Ta hanya mai ɗaci.

Ranar 8 ga Mayu 1842, wani jirgin ƙasa ya taso daga Basai zuwa Faris a ƙasar Faransa, cike da mutane. A hanya sai aksul ɗin kan jirgin, wato sandar ƙarfen da ke haɗa ƙafafunsa, ya karye. Taragai suka hau juna, wuta ta kama. A lokacin kulle fasinjoji ake yi ta waje. Sama da mutum 50 suka mutu. Abin da ya ɗaure wa injiniyoyi kai shi ne, aksul ɗin bai ɗauki kayan da ya fi na kullum ba. Shekara ɗaya bayan haka wani injiniya ɗan Sukotilan, William Rankine, ya duba karyayyun aksul da dama, ya ga kusan duk daga wuri ɗaya suke farawa: inda ƙarfen ya yi kusurwa mai kaifi. Tsaga ce ke farawa ƙarama, tana ci a hankali.

Sai wani Bajamushe ma'aikacin jirgin ƙasa, August Wöhler, ya ƙera injin da ke juya aksul yana lanƙwasa shi, yana ƙirgawa. Ya yi shekaru yana wannan aiki, aka baje sakamakonsa a Faris a 1867. Ya tabbatar da cewa nauyin da bai isa ya karya ƙarfe sau ɗaya ba, zai karya shi in aka yi ta ɗora shi ana saukewa sau dubbai ko miliyoyi. Wannan shi ake kira gajiyar ƙarfe. Duk yaron da ya taɓa karya waya ta hanyar lanƙwasa ta gaba da baya ya yi gwajin Wöhler bai sani ba.

A 1921 wani Bature ɗan Ingila, Alan Griffith, ya yi gwaji da gilashi ya nuna cewa abin da ke ƙayyade ƙarfin abu shi ne 'yan tsage-tsagen da ke jikinsa. Mutane suka ce ai wannan maganar gilashi ce, ƙarfe daban ne. Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙaryata su. Amurka ta ƙera jiragen ruwan dakon kaya da ake kira Liberty har 2,710 tsakanin 1941 da 1945, da walda maimakon ƙusoshi, don sauri. Da yawa suka tsage, wasu suka rabe gida biyu. Wani jirgin dakon mai, Schenectady, shi ma na walda, sabo fil, ya karye biyu ranar 16 ga Janairu 1943 yana tsaye a tashar Portland, ruwa kwance lumui. Wata masaniya a jami'ar Kambirij, Constance Tipper, ta nuna cewa irin ƙarfen da aka yi amfani da shi yana komawa mai gautsi in sanyi ya kai wani mataki. Ƙarfen da ke da danƙo da rana, sai ya zama gilashi a cikin ruwan sanyi.

A 1957 George Irwin, na cibiyar binciken sojan ruwan Amurka, ya ɗaure zancen da lissafi. Abu uku ne ke yanke hukunci: nauyin da ke jan ƙarfen, tsawon tsagar, da juriyar ƙarfen. Lissafin ya nuna in tsaga ta ninka tsawonta sau 4, nauyin da ƙarfen zai iya ɗauka ya ragu zuwa rabi. Kun ga ke nan ba sai an ƙara kaya ba. Tsagar kawai ta girma, ko juriyar ta ragu, kayan jiya ya isa ya kashe yau.

Yanzu mun iso inda nake son zuwa. Duk waɗancan ko dai nauyi ne mai zuwa yana tafiya, ko sanyi. Yaya batun nauyin da ke zaune daram, ba ya motsi?

A 1928 aka gina wata gada a kan kogin Ohio a Amurka, a garin Point Pleasant, ana ce mata Silver Bridge. Sarƙar manyan sandunan ƙarfe ce ke rataye da ita, kowace sanda da ido a bakinta inda ake zura ƙusa. An yi alfahari da ƙarfen, domin sabon samfuri ne mai tauri. Ranar 15 ga Disamba 1967, wajen ƙarfe 5 na yamma, motoci sun cika ta, mutane na komawa gida, gadar ta rufta cikin kogi a cikin kusan minti ɗaya. Mutum 46 suka rasu. Masu bincike suka tsamo ƙarafan daga ruwa suka jera su. Me suka gano? A cikin idon sanda ɗaya tak akwai tsaga mai zurfin kusan milimita 2.5. Jama'a, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Shekara 39 ƙarfen yana miƙe da nauyin gadar, damshi yana shiga wurin, tsatsa da ja suna haɗa kai suna cin sa, a lungun da ba mai iya gani sai an kwance gadar. Da tsagar ta kai iyakar abin da ƙarfen zai jure, ga kuma sanyin Disamba, sai ta ruga. Ƙari a kan haka, lokacin da aka zana gadar motar gida ba ta kai tan 1 ba, a 1967 kuwa ta kusa tan 2, manyan motoci sun ninka nauyinsu har kusan sau 3.

Wannan hatsari ne ya sa Amurka ta yi doka, a 1971 ta fitar da ƙa'idar cewa kowace gada ta gwamnati sai an duba ta aƙalla sau ɗaya a shekara 2, a rubuta, a adana.

A nan sai mu yi wa ƙarfe adalci, kada wani ya tashi daga shirin nan ya ce na ce duk ginin rodi zai faɗi. Ƙarfen gini mai kyau, a busasshen wuri, da nauyin da aka tsara masa, zai iya ɗaukar kayansa sama da shekara 100 juriyarsa ba ta taɓu ba. Nauyi shi kaɗai ba ya tsufar da ƙarfe a irin zafinmu na yau da kullum. Sai ya sami abokan ta'asa. Bahaushe ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙadangarun nan guda huɗu ne.

Na farko tsatsa. Ita ba rage kaurin ƙarfe kawai take yi ba. Tana haƙa 'yan ramuka, kowane rami kuma bakin almakashi ne, wato mafarin tsaga. Inda ƙarfe ke miƙe da ja, tsagar tana buɗewa, ruwa ya shiga, tsatsa ta ci gaba, tsagar ta ƙara zurfi. Ko cikin kankare ba ta bari ba. Gadar Morandi a birnin Jenowa na Italiya, wadda aka buɗe a 1967, ta rufta ranar 14 ga Agusta 2018 ta kashe mutum 43, kuma bincike ya nuna tsatsa ta ci wayoyin ƙarfen da ke ɓoye cikin kankarenta.

Na biyu haidurojin. Ƙwayarsa ita ce mafi ƙanƙanta a duk sinadarai, don haka tana iya kutsawa cikin jikin ƙarfe. Tana shiga ta hanyar tsatsa, ko ta walda da sandar da ta sha damshi, ko wurin wanke ƙarfe da asid. Tun 1875 wani ɗan Ingila, William Johnson, ya rubuta cewa tana sa ƙarfe gautsi. In ƙarfen yana zaune ba kaya, ba ta cika ɓarna ba. Amma in aka ɗaure shi da nauyin da ba ya sauka, sai ƙwayoyin su yi ta tattaki a hankali zuwa bakin tsaga, inda jan ya fi tsanani, su taru su raunana wurin. Tafiyar tana ɗaukar sa'o'i ko kwanaki, shi ya sa karyewar ke zuwa daga baya. A watan Maris 2013, a sabuwar gadar da ke tsakanin San Francisco da Oakland, an ɗaure manyan notuna 96. Cikin 'yan kwanaki 32 suka karye, tun mota ko ɗaya ba ta hau gadar ba. Kuma ku ji abin mamaki: gwargwadon taurin ƙarfe, gwargwadon yadda haidurojin ke cin galabarsa. Maƙerinmu ya riga ya faɗa, taurin da ya wuce kima ba alheri ba ne. Wannan ne ma dalilin da ya sa a manyan ayyuka ake jira kamar sa'o'i 48 bayan walda kafin a duba ta.

Na uku, lanƙwasa. In aka lanƙwasa rodi da sanyinsa, wurin ya wahala a ciki. Bayan makonni ko watanni, ƙwayoyin kabon da naitirojin da ke cikin ƙarfen suna taruwa a wurin da ya wahala, sai ya ƙara tauri, danƙonsa ya ragu. Zafi yana gaggauta abin. To ka ɗauki rodin da aka ciro daga rusasshen gini, wanda aka lanƙwasa shekaru da suka wuce, ka miƙar da shi da guduma, ka sake lanƙwasawa ka zuba masa kankare. A ido rodi ne, a ciki kuwa ya riga ya ci rabin rayuwarsa.

Na huɗu zafi. Daga wajen digiri 400 zuwa sama, ƙarfen da ke ɗauke da kaya yana miƙewa sannu a hankali, 'yan ƙofofi suna buɗewa a cikinsa har su haɗe su zama tsaga. Wannan ciwon kan masu tukunyar tururi ne da matatun mai irin ta Kaduna. Mu inda ya shafe mu shi ne gobara. A wajen digiri 600 ƙarfe yana rasa kusan rabin ƙarfinsa. Ginin da ya ci wuta sosai, a yi masa fulasta da fenti a koma ciki ba tare da injiniya ya duba ba, ganganci ne.

Kun ga hoton yanzu? Abu biyu ne ke tafiya suna tunkarar juna. Tsaga tana girma, juriya tana raguwa. Ranar da suka haɗu ita ce ranar. Yau da gobe ita ta sa allura ginin rijiya.

To mu dawo Zakka. Ba mu da gadar da ke rataye da sarƙa, amma ku ɗaga kai ku dubi tankin bohol mai sola da ke unguwarku, ko makarantar firamare, ko asibitin sha-ka-tafi. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Tanki mai lita 10,000 yana ɗauke da tan 10, daidai da buhun siminti 200. In ƙafa 4 ce, kowace ƙafa buhu 50 take ɗauke da shi. Ana cika shi da rana, ana zuƙe shi da yamma, ga gajiyar Wöhler. Iskar farkon damina tana kaɗa shi. Famfo yana ɗiga a gindin ƙafafun, dabbobi suna fitsari a wurin, ga tsatsa. An yi waldarsa a fili, wani lokaci da sandar da ta kwana cikin damshi, ga haidurojin. In bututu ne aka yi ƙafafun da shi, ruwa ya shiga ciki, to ta ciki yake ruɓewa, fenti yana ƙyalli ta waje. Su wa ke tsayawa a ƙarƙashinsa? Mata da yara masu jarka, domin nan ne inuwa take.

Na ga wuraren da ƙaramin tanki ya lalace, aka yi karo-karo aka sayo wanda ya ninka shi, aka ɗora a kan tsohon tsanin. Niyya mai kyau ce, amma labarin Silver Bridge ke nan, kaya ya ƙaru, ƙarfe bai ƙaru ba. Kuma a garuruwan da 'yan'uwanmu suka yi gudun hijira zuwa cikinsu saboda rashin tsaro a gefen dajin Rugu, bohol ɗaya yana aikin da ba a tsara masa ba, injiniyoyi kuma ba kasafai suke son zuwa ba. Haka kwalbatoci da ƙananan gadojin hanyoyinmu. Waɗanda aka yi a farkon shekarun 1980 sun haura shekara 40 yanzu, kuma motocin hatsi da na itace da ke bi ta kansu kowa ya san lodinsu. In ka leƙa ƙarƙashin kwalbati ka ga kankare ya ɓamɓare rodi ya fito fili ya yi ja, to agogo ya fara ƙirga.

Me za mu iya yi mu matasa, ba tare da jiran kowa ba?

Mu fara da duba. Dubi gindin kowace ƙafa, inda ƙarfe ya haɗu da ƙasa ko kankare. Tsatsar da ke ɓarewa falle-falle kamar ɓawon itace alama ce mai muni. Dubi gefen walda, in ka ga siririn layin tsatsa kamar zare, ko fenti ya tsage a miƙe, wataƙila tsaga ce a ƙasa. Dubi notuna, ko wani ya ɓace, ko ya yi sako-sako. Ja baya ka hango tsanin, ya karkata? Iyayenmu mata in za su sayi tukunyar ƙasa ƙwanƙwasa ta suke yi, mai tsaga amonta daban ne. Ma'aikatan jirgin ƙasa ma sun daɗe suna bin ƙafafun jirgi da guduma suna saurare. Suna da wata tsohuwar dabara kuma: a goge wurin, a shafa mai mara kauri kamar kananzir, a goge, a shafa alli. In akwai tsaga, man da ya shige ciki zai fito ya zana ta a kan allin. Ba ta buƙatar ko sisi mai yawa.

In kun ga alama, a fara sauke ruwan, a kore yara daga wurin, sannan a nemo wanda ya sani. Kada a kira mai walda ya liƙe saman tsagar kawai, domin ya rufe ta ne daga ido, tana nan a ciki. A hana ruwa kwanciya a gindin ƙafafu, a kankare tsatsa a yi fenti kafin damina. A matsar da famfunan ɗiba nesa da ƙarƙashin tanki. Mai gini kuma ya guji rodin rusau a decking da ginshiƙi, arhar ba ta kai ran iyalinsa ba.

Sannan mu rubuta. Kowace ƙungiyar matasa ta buɗe littafi: tanki kaza, an kafa shi shekara kaza, lita kaza, ga hotonsa na bana. Baɗi a sake ɗauka a kwatanta. Muna da ɗalibai a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina, su taimaka lokacin hutu. Da wannan littafin za mu je sashen ayyuka na ƙaramar hukuma da hukumar samar da ruwa a karkara, da hujja a hannu. In ɗan siyasa ya zo buɗe aiki, bayan tafi, a tambaye shi: wane injiniya mai rajista da COREN ya sa hannu, wa zai riƙa dubawa, kuma ina kuɗin gyara? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba mu damar neman takardun ayyukan mazaɓu. Ga kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar a Fabrairun 2021, mai tsawon kilomita 284, zai ratsa Katsina da Jibiya. Jikokinmu ne za su hau gadojinsa in sun tsufa. Tun yanzu ya kamata mu saba da tambayar wa ke dubawa, tun ran gini ran zane.

Amurka sai da ta binne mutum 46 kafin ta wajabta duba gada. Mu mun sami darasin kyauta. Don haka aikin gida na wannan makon: kowa ya je tankin da ya fi kusa da gidansa, ya durƙusa ya dubi gindin ƙafafunsa, ya ɗauki hoto, ya gaya wa mai unguwa abin da ya gani. Maƙera da masu walda da magina da ke bibiyarmu, ku kun fi mu sanin halin ƙarfe a hannu, muna son jin abin da kuka gani a aikinku.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya dawo mana da zaman lafiya a yankinmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.